Wuyana da Matar Ɗakin Gashi

A shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, ina koyarwa a wata firamare a Gwaram, kuma ni kaɗai ne malamin da ke da babur. Kuɗi sun fara yawo a ƙasa, albashi ya ɗan yi kauri, na sayi abina sabo fil, ina hawa ina hura hanci. An yi ta shela a rediyo, ni da kaina na tsaya gaban aji na koya wa yara cewa yanzu dama ake bi. Sati uku bayan haka, a hanyar Fagam za ni suna, wata motar katako ta ɓullo daga kwana ɗauke da buhunan gyaɗa, sai hannuna ya karkata hagu tun kafin in yi tunani. Direban yana kan hannunsa, ni na shiga nasa. Na kauce da ƙyar, babur ya faɗa rami, na yi sama na sauko da ka.

Ko ɗigon jini ban zubar ba. Na tashi na kakkaɓe riga, mutane suka taru suna cewa Allah ya kiyaye, har na je wajen sunan na ci tuwo. A rana ta uku wuya ya ƙage. In aka kira ni daga baya sai in juya gaba ɗaya kamar buhu. Ciwon kai yakan taso daga ƙeya, ya hau ta bayan kunnen dama, ya zo ya zauna a cikin ido.

Ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, maɗori ne da aka sani har Surko da Wurno. Karayar ƙafa ko targaɗe, in ya kama an gama, wannan ba na musun sa har yau. Ya zo ya zaunar da ni a ƙasa, ya dafa kafaɗuna da gwiwoyinsa, ya riƙe haɓata da hannu ɗaya, ƙeyata da ɗaya, ya ce in saki jiki. Ya murɗa. Na ji ƙara a cikin kaina kamar an karya kara, wani abu kamar walƙiya ya bi ta hannun damana har yatsu. Na yi ihu. Baffa ya ce ƙashin ne ya koma gidansa. Daga ranar babban yatsana da manuniya suka mutu, alli yana zamewa daga hannuna ban ji ba. Jiri kuma ya shigo, in na ɗaga kai zan yi rubutu a saman allo sai ajin ya fara kewaya ni.

Wata huɗu ina haka. Wanzami ya yi mini ƙaho, na sha jiƙo kala-kala. Halina ya lalace. Yaro ya yi tari a aji sai bulala. Matata ta daina daka a tsakar gida, takan ɗauki turmi ta kai maƙwabta don kar in yi mata tsawa. Da damina ta kankama, hedimasta ya kira ni ya ce ko in je asibiti a Birnin Kudu ko ya rubuta a ɗauke ni daga aji.

Likita ya sa aka yi mini hoton wuya, ya ɗaga shi a taga ya duba, ya ce babu karaya. Ya ba ni wata kwalar roba in riƙa ɗaurawa a wuya, ya ce akwai wata likitar gashin ƙashi da ke zuwa daga Kano kowace Talata, ita ce za ta san abin da za a yi da ni. Na ji ya ce ita, raina ya ɓaci tun a nan.

Ɗakin gashin yana can ƙarshen baranda. Gado ɗaya ne mai tauri, kujera mara hannu, wata fitila mai jan haske, da igiya da ke rataye a jikin wata 'yar taya a saman ƙofa. Matar doguwa ce, za ta kai shekara talatin da biyar, kanta babu ɗankwali, da ƙaramin kuros a wuyanta. Da gani 'yar kudu ce, kuma yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Ta karanta takardar likita ba ta ɗago ba, ta ce da Turanci in cire hula da riga. Akwai wani dattijo a bakin ƙofa yana jiran layi. Na juya gaba ɗaya na ce masa da Hausa, yadda za ta ji sautin ko ba ta gane ba, "Ka ga ƙarshen zamani. Sun rasa wanda za su kawo ya taɓa kan mutane sai wannan."

"Malam," in ji ta, da Hausar Kano tsantsa, "kan naka ba rawani ne a kai ba. Cire hular, mutum tara ke bayanka."

Dattijon ya sunkuyar da kai yana dariya. Na cire hular. Ban taɓa jin na tsani mutum cikin lokaci kaɗan haka ba.

Ba ta taɓa ni ba sai da ta yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ta ina kai ya bugi ƙasa? Na suma? Ciwon kan daga ina yake tashi, safe ya fi ko yamma? Ina ganin abu bibbiyu? Abinci yana maƙale mini? Harshena ya taɓa yin nauyi? Ƙafafuna sun taɓa saki na faɗi haka kawai? Jirin, ɗaki ne ke juyawa ko ni ne nake jin kamar ina cikin kwalekwale? Ina ba ta amsa a gutsure, tana rubutawa. Daga nan ta sa na bi yatsanta da ido, na buɗe baki ta auna da yatsu uku, ta ji muƙamuƙina yana ƙas a dama. Ta buga mini wata 'yar guduma ta roba a gwiwar hannu, hagu ya yi tsalle, dama ya yi lamo. Ta ɗauki allura tana tsikarar yatsuna ɗaya bayan ɗaya idona a rufe. A biyu ban ji komai ba. Ta zaunar da ni a kujerar, ta riƙe kaina cik, ta ce in juya jikina kawai. Jiri ya taso. Ta ce to, ba kunne ba ne, wuya ne.

Sai ta kwantar da ni, ta zura yatsunta ƙarƙashin ƙeyata tana bi a hankali. Da ta kai wani wuri a bayan kunnen dama ta danna da babban yatsa, ciwon kan nan nawa, shi ɗin dai, ya taso cikakke har cikin ido. Na doke hannunta.

Ta ja baya ta tsaya tana kallona. "Ka sake, ka fita," ta ce. "Shi ne ciwon ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"Wa ya murɗe maka wuya?"

"Babu."

"Faɗuwa ta ba ka ciwon kai da jiri, na yarda. Yatsun nan yaushe suka mutu, ranar faɗuwa ko daga baya?"

Na kafa ido a bango. Ta ce ba ta buƙatar sunansa. Ta ce gaɓoɓin saman wuyana sun ƙage, naman wurin ya ɗaure, shi ke haifar da ciwon kai da jiri, can ƙasa kuma akwai jijiyar da aka matse, ita ce ta hannu. Ta ce in wani ya sake murɗa wuyan nan, ba mamaki a kawo ni a sheme a kan ƙyauren ƙofa. Ta lissafa sharuɗɗa: ba hawa babur, ba matashin kai mai tudu, ba rubutu a saman allo, kwalar roba kuma a mota kawai, don in na saba da ita wuyan zai zama raggon wuya. Ta ce in nuna mata yadda nake sujada da sallama. Na ce salla ba wasan kwaikwayo ba ce da zan yi wa wadda ba ta yi. Ta ce ita ba ruwanta da sallata, wuyan da ke yin ta take son gani. Ban nuna ba. Ta rubuta wani abu ta ce Talata mai zuwa.

Haka muka fara. Duk Talata in hau motar haya daga Gwaram, hanya duk taɓo, in isa a gajiye in bi layi. Takan haska mini jar fitilar a ƙeya har wurin ya yi ɗumi, sannan ta sa hannu tana motsa gaɓoɓin kaɗan-kaɗan, motsin da ban ga amfaninsa ba don ko ƙara ba ya yi. Daga nan ta ɗaura mini wani ƙyalle a haɓa da ƙeya, ta haɗa da igiyar nan, ta rataya 'yar jakar yashi a ɗaya bakin, kaina ya ɗan ɗagu sama. Duk wanda ya wuce ta baranda sai ya leƙo ya ga malamin makaranta a rataye kamar ragon layya. Ta koya mini in riƙa mayar da haɓa ciki ina ƙirga goma, in tura goshi a tafin hannuna ba tare da kai ya motsa ba, in kafa ido a kan ƙusa a bango ina juya kai a hankali. Ba na yi a gida. Ita kuwa da ta ɗora hannu take ganewa.

"Ba ka yi ba."

"Na yi."

"Wuyanka ya fi ka gaskiya."

A Talata ta huɗu ta ce in zo da matata, za ta koya mata gashi da tawul da ruwan zafi, don sau ɗaya a sati ba ya isa. Na ce matata ba ta fita. Ta ce to ni ma in daina fitowa, ina cinye wa wasu lokaci. A gaban mutane ta faɗa.

Na koma gida na yi abin da na iya. Na zauna da hannuna mai matattun yatsu na rubuta takardar ƙara shafi biyu da Turanci zuwa ga babban likita. Na ce ba ta da ladabi, tana wulaƙanta marasa lafiya, tana tsoma baki a addini da gidajen mutane. A ƙarshe na ƙara wani layi da har yau nake jin kunyarsa, na ce irin waɗannan mutane ba su zo ƙasarmu da zuciya ɗaya ba. Na ji daɗi da na sa hannu.

Talata ta zagayo, na shiga na tarar da takardar a kan teburinta, an danne ta da gudumar roba. Ta bar ni a tsaye.

"Babban likita ya ba ni in karanta," ta ce. "A Kano aka haife ni, Malam. A can na fara aiki. Da hargitsi ya tashi kafin yaƙi na bar garin da akwati ɗaya, ƙanena bai samu ya kai tashar jirgi ba. Aka gama yaƙi na dawo, ba wanda ya roƙe ni. Kai ba ka isa ka auna mini zuciya ba." Ta ɗauke takardar ta jefa a aljihun tebur. "Kwanta."

Na kwanta. Ina jira ta rama a wuyana, don wuyan yana hannunta kuma ta san inda ke ciwo. Ta yi aikinta kamar kullum, bai fi ba bai gaza ba. Wannan ya fi ƙona mini rai. Ban ba ta haƙuri ba, ita ma daga ranar ta daina ce mini komai sai juya, ɗaga, saki.

A gida kuma wata wutar ce. Labari ya kai wa Baffa cewa ina zuwa wata mace tana rataye ni. Ya zo da hantsi, ya ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa masa.

"Hannun nan," ya ce yana nuna mini tafinsa, "shi ya ɗora ubanka da ya faɗo daga kan rumbu. Kai ne za ka kai ni kasuwa? Ana cewa ɗan gidan maɗori ya tafi neman ɗori wajen baƙuwa. Zauna in ƙarasa abin da na fara, saura murɗa ɗaya ta hagu."

"Baffa, ka yi haƙuri, an hana."

"Wa ya hana?"

Ya matso ya kai hannu ƙeyata. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba. Ban taɓa riƙe hannun babba ba a rayuwata. Na ce, "Tun da ka murɗa ni yatsuna suka mutu." Ya dubi hannuna a kan nasa har na saki. Ya ce boko ya gama da ni, ya fita. Ya shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, in na durƙusa sai ya juya ya kama magana da wani. Dangi suka bi bayansa, kuma na san da ni ne a wajensu haka zan yi.

Na rasa Baffa saboda maganar matar da na tsana, sai haushinta ya ƙaru a raina. Wata Talata motar haya ta ƙi cika, rana tana yi, na ce wa kaina wace ce ita da za ta hana ni hawa abina. Na fito da babur na kama hanyar Birnin Kudu. Ramuka da kwazazzabai suka yi ta jijjiga ni. Na ɓoye shi bayan wata bishiyar maina na shiga layi. Ashe ta hango ni ta taga. Da layi ya zo kaina ta tare ƙofa.

"Yau ba zan taɓa ka ba."

"Daga Gwaram na zo."

"Na ga abin da ya kawo ka. Wuyan yanzu a fusace yake, in na taɓa shi zai ƙaru, ka ce ni ce. Na gaba."

Na ɗaga murya. Na ce asibitin ba na ubanta ba ne, na gwamnati ne. Ta ce gaskiya ne, wuyan kuma nawa ne, in je in yi yadda na ga dama da shi. Ta kira wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki ta rufe ƙofa. Ban kai ƙofar asibiti ba ciwon ya sauko. Na tsuguna gindin mainar nan na yi ta amai, ido ɗaya ba ya buɗuwa, hannuna yana zugi har kafaɗa. Wani mai gadi ne ya taimaka aka ɗora ni da babur ɗin a bayan wata mota. Kwana uku ban je makaranta ba.

A rana ta huɗu matata ta shigo da ruwan zafi a kwano ba tare da na ce ba. Ta ce, "Malam, ran Talata zan bi ka." Ba tambaya take yi ba. Ban iya ko girgiza kai ba, balle musu.

Abin da ya faru a ɗakin gashi ranar ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni haushi. Matar da ba ta taɓa yi mini murmushi ba ta tashi ta ba matata kujera, ta tambaye ta yara. Ta kama hannayenta ta ɗora a ƙeyata, nata a kan nata, tana nuna mata inda za ta danna da inda ba za ta kusanta ba, yadda za ta matse tawul kar ya ƙona, yadda za ta tallabi kai ta ja kaɗan kamar mai ɗaukar jariri. Suna magana a kaina kamar ba na nan.

"Yana yin na haɓar?"

"Ba ya yi, Sista."

"Daga yau kar ki ba shi koko sai ya yi."

Suka yi dariya su biyu. Ina kwance rub da ciki ina jin su.

Haka kuwa aka yi. Safe da yamma gashi, haɓa ciki sau goma, ido a kan ƙusa. Na sauke matashi na koma ninkakken zane. A aji na raba allo biyu, na bar sama wa tsofaffin rubuce-rubuce. Kafin a gama yankan dawa jiri ya tafi. Ciwon kai ya koma sau ɗaya a sati, daga baya sai in na yi doguwar tafiya. Muƙamuƙi ya daina ƙara. Ta rage jakar yashi, sannan ta daina rataye ni gaba ɗaya. Manuniya ta farfaɗo da wani irin ƙaiƙayi kamar kiyashi na yawo a ciki. Babban yatsa dai rabinsa bai dawo ba, har yau in na riƙe allura sai na duba da ido.

Ban taɓa gaya mata na ji sauƙi ba. In ta tambaya sai in ce da dama-dama. Ita ma ba ta taɓa cewa na yi ƙoƙari ba. Takan auna juyin wuyana, ta rubuta, shi ke nan. Shekara ɗaya bayan haka na ji an mayar da ita wani gari, aka rufe ɗakin na wani lokaci, masu shanyewar jiki suka koma zuwa Kano ko zaman gida. Ban san dalilin canjin ba, ban kuma nemi sani ba, don ina tsoron amsar.

Ranar da ta sallame ni, matata ta ba ni ƙwan zabi a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi in kai mata. Na riƙe ƙwaryar a cinya tun daga Gwaram ina shirya abin da zan faɗa. Ta gwada ni da guduma da allura a karo na ƙarshe, ta ce yatsan ƙila ya ƙara dawowa kaɗan, ƙila kuma a haka zai tsaya, ba za ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ba sai na dawo ba. Na miƙa ƙwaryar. Duk abin da na shirya ban faɗa ba, abin da na ce kawai shi ne, "In ji mai ɗakina."

Ta buɗe ta duba. "Ka ce mata na gode. Ka ce mata hannunta yana da kyau, da ta yi karatu da na ɗauke ta aiki." Ta ajiye ƙwaryar a ƙarƙashin tebur. Na ɗan tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ta jira, ni ma na jira. Sai ta leƙa ta bayana ta kira wani manomi daga Wurno da ya zo da kafaɗa a saɓule, na matsa gefe ya wuce, na fita na nufi tasha.